Ƙwan Bronka da Taraktar Pan Alojz

Duk wanda ya yi firamare a makarantar da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Toruń ya ci abinci daga ludayin Pani Bronka, wato Malama Bronka a yaren can, kuma har yau in ya ji ƙamshin miyar kabeji sai ya gyara zama. Gajeriyar mace ce mai kauri, hannuwanta jajaye saboda ruwan zafi, muryarta tana ratsa bango. Sunanta na takarda Bronisława, amma ba mai kiranta da shi sai limamin coci da ma'aikatan fansho. Ta shiga kicin ɗin makarantar tana budurwa, ta fita da furfura, kuma a tsakani ba yaron da ya taɓa mayar mata da kwano da saura a ciki. Ba duka take yi ba. Tsayuwa kawai take yi a kan yaro, ta riƙe ƙugu, har sai ta ga ƙasan kwanon.

Mijinta Tadek makanike ne a garejin motocin bas na gari. Maganar da Bronka za ta yi a wuni, shi ba ya yin ta a wata, kuma da haka suka zauna lafiya. 'Yarsu ɗaya ce, Iwona. Ba su tara abin duniya ba, amma aikin makaranta yana da ribar da albashi ba ya nunawa, domin in aka rufe don dogon hutun bazara, mai dafa abinci ma ta huta. Saboda wannan hutun suka yi ta tanadi har suka sayi ɗakin tafi-da-gidanka na hannu, ɗan ƙarami, irin wanda ake ɗaurawa a bayan mota. Fari ne zagayayye, kuma in mutum biyu suna ciki sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya sa wando. Iwona tana ganinsa ta ce ai wannan Ƙwai ne, sunan kuwa ya bi shi.

Sau ɗaya tak Ƙwai ya yi doguwar tafiya. Tadek ya ja shi da 'yar motarsu zuwa bakin teku, motar tana tari tana fitar da tururi, suna tsayawa gari-gari suna ba ta ruwa. Da suka isa filin masu hutu da ke gefen wani ƙauyen Kashubi, Tadek ya leƙa cikin inji ya ce in aka sake irin wannan, a hanya za a binne motar. A nan suka haɗu da Pan Alojz, wato Malam Alojz, manomi kuma masunci, dogo mai gashin baki, wanda gonarsa ke kan tudu bayan ƙauyen. Yana da tarakta da babban sito na katako. Da kaka, in masu hutu sun watse, yakan ja ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya ya kai su sito su yi sanyi a rufe, in dusar ƙanƙara ta narke ya dawo da su.

Aka shirya Ƙwai ya zauna a nan, Alojz ya riƙa kai shi sito, aka gama magana yadda ake gama ta a can. Alojz ya zaro ƙahon da yake ajiye garin tabar shaƙa daga aljihu, ya zuba garin a bayan hannun Tadek, ya zuba a nasa, suka shaƙa, suka yi atishawa, shi ke nan. Kowace kaka haka suke sabunta ta. Tadek yakan duba injin taraktar kyauta, Alojz kuma yakan rataye musu kifi banda a ƙofar Ƙwai ranar Juma'a, a naɗe cikin jarida. An sha miƙa wa Bronka ƙahon, takan ce hancinta na sunsuna miya ne, ba za ta lalata shi ba.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. A Toruń Bronka tana da gida a hawa na uku na bene da maƙwabtan da ba sa gaisawa sai a matakala, amma a bakin teku tana da gari guda. Tana da wurinta a ƙarƙashin bishiya, da tukwanen furanni a gindin taya, da 'yar rumfar da take murza kwaɓin pierogi, 'yan ƙullin fulawa masu cushe, a ciki, yaran fili suna layi kamar a makaranta. Nan ne take ji ita ce, kuma ba ta ɓoye wa kowa hakan.

Maganar inshora kuwa ta Tadek ce. Kowace shekara yakan je ya biya wadda doka ta tilasta, mafi arha, ya ninke takardar ya sa a gwangwanin biskit. Kada a ga laifinsa, don duk mutanen filin haka muke yi. Mutum ya biya, ya ninke, ya ajiye, ya ji shi mai hangen nesa ne, alhali ko layin farko bai karanta ba.

Tadek ya rasu cikin sanyi, a natse kamar yadda ya rayu. Bayan an gama zaman makoki, Iwona, wadda yanzu take aiki a kantin magani a Poznań, ta zaunar da uwarta. Ta ce Ƙwai ya tsufa, ba mota, ba mai tuƙi, ba mai gyara, gara a sayar da shi tun yana da sauran daraja, Mama ta riƙa zuwa wajensu hutu. Bronka ta ce ita ba jaka ba ce da za a riƙa ajiye ta a ɗakin baƙi. Suka ja, suka ja, har Iwona ta gaji ta ce to, amma ranar da Ƙwai ya lalace magana ta ƙare, domin fanshon mai dafa abinci ba zai tada shi ba, ita ma ba ta da hali.

"Na ji," in ji Bronka. "Ranar da ya fashe, ni da kaina zan kawo miki jakata."

Ta faɗa da ƙarfi, amma ta san gaskiya 'yar ta faɗa. Da lokacin sabunta inshora ya zo, Iwona ta ce za ta yi mata ta waya, ba sai ta fita ba. Bronka ta ƙi. Matar da ba ta taɓa sayen kabeji ba tare da ta matsa shi da yatsa ba, ba za ta sayi abin da ba ta gani ba daga wanda ba ta ga fuskarsa ba. Ta ɗauki gwangwanin biskit ɗin yadda yake, ta tafi wani ɗan ofishi da ke kusa da kasuwa.

Matar da ke bayan tebur ta ɗago kai, ta dube ta, sai ta miƙe tsaye ba ta shirya ba. Renata ce, wadda Bronka ta sani tun tana 'yar siririya mai kitso biyu, wadda ta fi kowa a tarihin makarantar ƙin miyar madara. Ta sha zama a gaban kwano har a buga ƙararrawa, yanar madarar ta kwanta, Bronka tana tsaye a kanta. Yanzu ga ta da tabarau da 'ya'ya uku, tana sayar da inshorar kamfanoni daban-daban. Suka gaisa, ta yi mata ta'aziyya, ta haɗa mata shayi. Bronka ta tura mata takardar Tadek ta ce irin wannan take so, a yi sauri, tana da wanki.

Renata ba ta yi sauri ba. Ta tambaya wace mota ke jan ɗakin, aka ce babu. Ta tambaya ina yake tsayawa da bazara, a ƙarƙashin me, ina yake kwana da sanyi, siton na waye, yana da ƙofa ko babu, wa ke kai shi, da me. Bronka ta fara hura hanci. Ta ce ko a wajen ikirari a coci ba a yi mata irin wannan titsiye.

"Pani Bronka, ke fa kika koya mini," in ji Renata tana murmushi. "Ba a tashi sai an ga ƙasan kwano."

Da aka ga ƙasan kwanon, abin da ke ciki bai yi daɗi ba. Takardar da Tadek ya yi ta biya shekara da shekaru ba ta Ƙwai ba ce, ta mutanen da Ƙwai zai iya yi wa ɓarna a kan titi ce. Da bishiya ta faɗo masa, ko wuta ta kama, ko sito ya rufta, ba wanda zai ba su ko allura. Bronka ta ji haushin mamacin, ta ji tausayinsa, sannan ta tuna yadda yake ninke takardar da kulawa kamar wani abin gado, sai dariya ta kuɓuce mata tare da ƙwalla.

Renata ta jera mata abin da ke akwai. Ga mai arha irin ta Tadek. Ga wata mai tsada mai hoton iyali suna dariya a gaban duwatsu, wadda za ta aiko da motar ja har Italiya ta kama wa mutum otal, amma duk alkawarinta na ɗakin da ke kan hanya ne a bayan motar mai shi. Sai ta uku, ba hoto, wadda aka yi don ɗakin da ke zaune wuri ɗaya: iska, gobara, sata, faɗuwar bishiya, da kwanan sanyi a sito. Bronka ta ce ai ta ukun, magana ta ƙare. Renata ta ce da saura. Ta bayyana mata cewa in wani mutum ne ya yi sanadin lalacewar ɗakin, kamfani zai biya ta, amma daga baya zai juya kan mutumin ya karɓi abin da ya kashe. Ƙwai kuwa tafiyarsa biyu ce a shekara, kuma duk a bayan taraktar mutum ɗaya.

"Wato in Alojz ya kayar da shi, su biya ni, sannan su je su kama Alojz?"

"Haka ne. Sai dai in an rubuta sunansa a ciki a matsayin mai ja da mai ajiya, shi ma ya sa hannu. In an yi haka, ya zama kamar ɗan gida, ba mai bin sa. Amma kuɗin zai ɗan ƙaru."

Bronka ta hango Alojz tsaye a ƙofar sitonsa, wasu masu kwat suna zagaya taraktarsa suna rubutu. Ta ce a rubuta sunan. Rigar sanyin da ta yi niyyar canjawa za ta iya ƙara shekara.

Ta ɗauka abin da ya fi wuya ya wuce, ashe yanzu aka fara. Da sanyi ya sassauta ta hau jirgi, ta hau bas, ta hau tudun da ƙafa, ta sami Alojz yana ɗinkin koma a bakin sito. Ya yi murnar ganinta ƙwarai. Ya buɗe ƙofa ya nuna mata Ƙwai a lulluɓe da tamfol, ya ce ko ɓera bai shiga ba. Ya yi maganar Tadek. Da Bronka mai iya lallashi ce, da ta bari sun sha shayi tukuna. Amma ita ta saba ba da umarni ga masu wanke tukunya, don haka ta zaro takarda da biro ta ce ga inda zai sa hannu, saboda ko da wata rana ya kayar da ɗakin.

Alojz ya dubi takardar, ya dubi biron, ya ajiye komar a hankali. Ya ce tun Iwona tana wasan yashi yake jan ɗakin nan, ko fenti bai taɓa gogewa ba. Bronka ta ce ba abin da take nufi ke nan ba, ya tsaya ya ji. Ta fara bayani, amma bayanin ya fito a birkice, da kamfani da biya da kamawa duk a haɗe, kuma kalmar kamawa kaɗai ta shiga kunnensa.

"Tadek bai taɓa neman sa hannuna ba, Pani Bronka."

"Tadek bai taɓa karanta abin da yake biya ba. Ka sa hannu, don kanka ne."

"Don kaina," in ji shi. Ya karɓi biron ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe har takardar ta kusa hujewa. "Ga shi. Yanzu kin san wanda za a nema."

Bai zaro ƙaho ba. A shekarun baya ko ya san za ta ƙi, sai ya miƙa mata don a yi raha, amma ranar hannunsa bai je aljihu ba. Ta sauko daga tudun da takardarta cikakkiya, zuciyarta kuwa kamar an ɗora mata dutse.

Da bazara ta zo ta tarar da Ƙwai a wurinsa ƙarƙashin bishiya, an daidaita shi tsaf, an sa duwatsu a gindin taya. Alojz ya kawo shi shi kaɗai tun kafin ta iso. In sun haɗu a hanyar coci yakan ɗaga hula ya ce barka, ya wuce. Juma'a ta zo ta wuce, ba kifi a ƙofa. Labari kuwa ya zaga filin, don a wurin da bango ba ya kai kaurin yatsa ba a ɓoye komai. Maƙwabcinta Pan Waldek, tsohon direban tasi mai babban ɗaki da babban ciki, ya samu abin yi. Yakan leƙo ta rumfa ya ce ko in zai ari gishiri sai ya zo da lauya. Shi yana da inshorar nan mai hoton duwatsu, kuma yana alfahari da cewa ko a Italiya ya lalace za a zo a ɗauke shi. Bronka ta nuna masa tayoyinsa da suka nutse a yashi har ciyawa ta tsiro a kai, ta ce in ya isa Italiya ya aiko mata da hoto.

Bakinta bai mutu ba, amma abin yana cin ta. Ta sha ɗaura ɗankwali da niyyar hawa tudun ta sake yi masa bayani, sai girman kai ya zaunar da ita. Wani lokacin takan ce da ma ta bar Iwona ta danna waya, da yanzu tana cin kifinta cikin rashin sani kamar kowa.

Kaka ta shigo, iska ta juya, filin ya fara zama kango. Ranar da aka sa za a kai Ƙwai sito, Alojz ya zo da hantsi. Ya ja taraktar da baya, ya sauko ya ɗora hancin ɗakin a kan ƙugiya, ya koma ya hau kujerarsa. A duk shekarun nan haka aikin yake: shi ya ɗora ya hau, Tadek ya durƙusa a baya ya zura ƙusar da ke kulle ƙugiyar, ya maƙala sarƙa. Ranar da ya kawo ɗakin shi kaɗai da bazara, ya tuna ya yi duka da kansa. Amma yau ga Bronka tsaye a baya, daidai inda Tadek ke tsayawa, sai hannu da ƙafa suka bi abin da suka saba. Bronka kuwa ba ta taɓa sanin akwai wata ƙusa ba, domin a irin wannan lokacin ita tana can tana kwashe tukwanen furanni. Da suna magana da juna, da ɗayansu ya tambaya.

A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba abin da ya faru. Bronka tana biye a gefe da tukunyar fure a hannu. Sai da suka kama hawan tudu, taya ta faɗa wani rami, hancin ɗakin ya yi tsalle ya bar ƙugiya. Ƙwai ya tsaya kamar yana tunani, sannan ya fara komawa baya. Ya wuce ta gabanta, labulen da ta ɗinka da hannunta yana kaɗawa a taga, ya ƙara gudu, ya kauce hanya, ya kife a cikin lambatun da ke gindin tudu. Ƙarar ba ta ma yi yawa ba. Gefensa ya tsage daga taga har ƙasa, taya ɗaya tana juyawa a sama.

Abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne ɗakin baƙin Iwona, da gadonsa mai ninkewa da tagar da ke kallon wurin ajiye motoci. Ta zauna a bakin hanya da tukunyar a cinya. Alojz ya kashe inji ya sauko. Bai je wajen ɗakin ba, wajenta ya zo, hula a hannu, fuskarsa ta koma kalar toka. Ya zaro ƙusar daga akwatin taraktar ya nuna mata, ya ce laifinsa ne, ba na kowa ba. Ya ce akwai wani a ƙauyen gaba da ya daɗe yana son taraktar, zai sayar masa.

"Kina da sunana a rubuce," in ji shi. "Ki ba su. Ba zan gudu ba."

Nan muryar kicin ta dawo mata. Ta ce ya mayar da hularsa kansa kafin sanyi ya kama shi, kuma ya buɗe kunnuwan da ya toshe tun farkon shekara. Wannan karon ba ta yi sauri ba. Ta yi masa bayani dalla-dalla kamar yadda Renata ta yi mata, har sai da ta ga ya shiga.

"Da ban rubuta sunanka ba, da yau sun biya ni sun zo sun ɗauke taraktar nan. Na rubuta ne don kada kowa ya taɓa ka, kai tsohon mai taurin kai."

Alojz ya daɗe yana juya ƙusar a hannunsa. Daga baya ya ce bari ya kira maza a ciro ɗakin kafin ruwa ya shige shi.

Ta faɗa masa da ƙarfin gwiwa, amma a ranta ba ta gama sakankancewa ba, domin kamfanin inshora wajen karɓa hannunsa a buɗe yake, wajen bayarwa kuwa sai an ga hali. Ta buga wa Renata waya tun daga bakin lambatun. Renata ta ce kada a taɓa komai sai an ɗauki hoto ta kowane gefe, kuma a faɗi gaskiyar yadda abin ya faru, har da ƙusar. Wani saurayi mai duba ɓarna ya zo daga Gdańsk da takalma masu tsabta, ya shiga lambatu da su, ya yi tambayoyinsa ya tafi. Sai jira. Iwona ta zo Toruń, ba ta ce ai na faɗa miki ba, ta dai ce sun sayi sabuwar katifa don ɗakin baƙi. Wannan kirkin ya fi gori ciwo. Pan Waldek ma ya bugo waya ya jajanta, ya ƙara da cewa in an duba, takardar ce ta jawo fushin, fushin ya jawo ƙusar. Bronka ta ce haka ne, kuma in an ƙara dubawa, shekarun Alojz da idanunsa ba takarda ce ta kawo su ba.

Kafin Kirsimeti amsa ta zo. Kamfanin zai biya gyara, kuma ba abin da zai nema a wajen mai taraktar. Bronka ta sa Renata ta maimaita mata rabin na biyu. Washegari ta dafa miyar madara, ta zuba a kwalba, ta kai ofishin ta dire a kan tebur gaban abokan aiki. Renata ta yi dariya har ta cire tabarau. A ƙarƙashin kwalbar akwai babban kwanon pierogi, kuma da Bronka za ta fita ta kama fuskar matar da jajayen hannuwan nan ta ce Allah ya yi wa 'yar nan albarka, ta gode da ba ta bar ta ta tashi ba sai da ta ga ƙasan kwano.

Jikin Ƙwai irin na ƙananan jiragen ruwa ne, don haka mai gyaran jirage na ƙauyen ne ya ɗinke shi a cikin siton Alojz, Alojz yana riƙe masa fitila yana gaya masa yadda zai yi aikinsa. Facin ya fito ya fi sauran jikin fari. Mai gyaran ya ce zai iya shafe shi duka da fenti ya saje, Bronka ta ce a bar shi haka.

Yanzu ta haura saba'in, gwiwa tana damunta, kuma ita da kanta ta san bazarar da ta rage mata a bakin teku ba ta kai wadda ta wuce ba. Amma tana nan a ƙarƙashin bishiyarta tana murza kwaɓi. In sabon maƙwabci ya zo, kafin ya gama kafa rumfa ta tambaye shi ina ɗakinsa ke kwana da sanyi, wa ke jan sa, kuma ko takardarsa ta san da haka. Mutane da yawa a filin sun canja inshora saboda ita, har da Pan Waldek, ko da yake shi cewa yake dama can yana da niyya. Kullum takan ce ta gode wa Tadek da ya kawo ta wurin, ta gode wa yarinyar da ta ƙi miyar madara, ta gode wa Allah da ya sa ranar nan a gefen hanya take tafiya, ba a baya ba.

A farkon bazarar da ta biyo bayan gyaran, ta iso da wuri don a sauko da Ƙwai tana nan. Alojz ya ɗora hancin ɗakin a ƙugiya, sannan ya miƙa mata ƙusar, ya nuna mata ramin. Ta durƙusa da ƙyar a inda Tadek ke durƙusawa, ta zura, ta maƙala sarƙa. Bai hau kujerarsa ba. Ya tsaya yana shafa gashin baki, ya tambaye ta ko bana ma sunansa yana cikin takardar. Ta ce yana ciki, saura sa hannu. Ya ce ya zo da biron kansa.

Da ya gama rubutawa, ya sa hannu a ɗaya aljihun ya zaro ƙahon. Ya zuba a bayan hannunsa, ya tsaya yana kallonta. Bronka ta goge hannunta a jikin siket ta miƙa masa. Ta shaƙa yadda ta sha ganin mijinta yana yi, ta yi atishawar da ta tada kajin gidan, hawaye suka zubo mata. Alojz ya ce haka take yi wa kowa a karon farko.

"Ba tabar ba ce," in ji ta. "Hau mu tafi."